Zagayen Duba Majiyyata a Asibitocin Ingila, 1854 zuwa 2019: Tarihin Abubuwan da Suka Yi Masa Tarnaƙi

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibiti, ko ya yi jinyar wani nasa, ya san yadda dare ke yi wa maras lafiya tsawo, ya kuma san irin sanyin da rai ke ji in nas ta nufo gado ba tare da an kira ta ba. Wannan bi da ma'aikatan jinya ke yi gado-gado, a kan lokaci ƙayyadadde, don su ga halin da kowa ke ciki, shi muke nufi da zagaye a wannan takarda. Ya bambanta da zagayen likita, wanda galibi sau ɗaya ake yin sa da safe don a yanke shawara a kan magani. Na nas kuwa na tambaya ne a kan ciwo da ƙishirwa da bukatar bayan gida, da juya wanda ba ya iya juya kansa, da lura da wanda jikinsa ya fara rikicewa tun kafin abin ya yi nisa.

Ba wanda ke musun amfanin wannan aiki, amma da wuya a sami asibitin da ya ɗore da yin sa yadda aka tsara. Maƙasudinmu shi ne mu bi tarihinsa a ƙasar Ingila don mu ga abin da ya riƙa hana shi gudana. Mun zaɓi Ingila ne saboda dalili biyu: a can aka kafa tsarin aikin jinya na zamani, kuma daga can ne Nijeriya ta gaji nata. Abin da muke son mu nuna shi ne, a duk tsawon wannan lokaci umarni kaɗai bai taɓa samar da zagaye ba. Yana gudana ne in an sami isassun ma'aikata, da ginin da ke barin ido ya kai ga majiyyaci, da shugaba mai iko a cikin ɗaki. In ɗaya daga cikin ukun nan ya rushe, sai zagaye ya tsaya, ko kuwa ya koma na takarda.

2. Asibitin Scutari, 1854 zuwa 1856

A watan Maris na 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙin Kirimiya, suna goyon bayan Turkawa a kan Rasha. Sojojin Ingila da suka yi rauni ko suka kamu da cuta akan ɗebe su a jirgin ruwa a ƙetare Bahar Aswad da su zuwa Scutari, wata unguwa da ke tsallaken ruwa daga Santambul, inda aka mai da wani makeken barikin soja ya zama asibiti. Da jaridar Times ta Landan ta fara buga labarin irin wulakancin da majiyyata ke sha, sai ministan da ke kula da sha'anin yaƙi, Sidney Herbert, ya roƙi Florence Nightingale ta tafi da ma'aikatan jinya mata. Ta isa a farkon watan Nuwamba na 1854 tare da mata 38.

Hoton da duniya ta riƙe nata shi ne na mace ɗaya da fitila a hannu tana bin gadaje cikin dare. Akan kawo shi a matsayin asalin zagaye. Mu kuwa muna ganin, in an dube shi da kyau, shaida ne na rashin zagayen. Ga dalilanmu.

Na farko, yawan majiyyata. Kwanaki kaɗan da isarta aka fara kawo waɗanda suka jikkata a gwabzawar Inkerman ta ran 5 ga Nuwamba, har majiyyata suka haura dubu biyu, jerin shimfiɗunsu ya kai kimanin mil huɗu. Mata 38 ba za su iya duba wannan taro a kan kari ba, ko da ba sa barci.

Na biyu, iko. Likitocin soja ba su yi maraba da zuwan mata ba, kuma an shar'anta wa Nightingale cewa ƙarƙashin umarninsu za ta yi aiki. Saboda haka da farko ta tsare matanta a wajen ɗinki da dafa abinci, ba su shiga ɗakunan majiyyata ba sai da aiki ya fi ƙarfin likitocin suka nemi taimako da kansu.

Na uku, tsaron mutunci. A Ingila ta wancan zamani ba a ɗauki aikin jinya a bakin sana'ar 'ya'yan mutunci ba, kuma Nightingale ta san abin kunya ɗaya ya isa ya rusa dukan shirin. Don haka ta hana matanta zama a ɗakunan majiyyata in dare ya yi. Aikin dare sai ya faɗa hannun sojoji masu hidimar ɗaki, waɗanda ba su da horo. Watau abin da ya sa aka gan ta ita kaɗai da fitila shi ne babu wata nas da aka yarje wa ta fito.

Ban da waɗannan, shi kansa ginin cuta ne. An yi shi a kan magudanan ƙazanta da suka toshe, iska ba ta ratsa shi. A hunturun farko sojoji fiye da dubu huɗu suka mutu a can, mafi yawansu ba don raunin yaƙi ba, sai don kwalara da atuni da zazzaɓi. Mutuwa ba ta ragu ƙwarai ba sai bayan da gwamnati ta aiko da kwamitin tsabta a watan Maris na 1855, ƙarƙashin Dokta John Sutherland da injiniya Robert Rawlinson, suka yashe magudanai suka buɗe hanyoyin iska. Alkaluman da aka fi ambatawa sun nuna mace-mace sun sauko daga kimanin kashi 42 cikin ɗari a watan Fabrairu zuwa kimanin kashi 2 a watan Yuni. Ita kanta Nightingale wannan darasi ta komo gida da shi: ƙwazon mutum ɗaya ba ya maye gurbin tsari.

3. Ginin da Ya Sauƙaƙa Zagaye

Da kuɗin da jama'a suka tara don girmama ta, fiye da fam dubu 40, aka buɗe makarantar koyon aikin jinya a asibitin St Thomas na Landan cikin 1860, da ɗalibai 15. A littafinta na aikin jinya ta ware babi guda a kan lura da majiyyaci, ta mai da shi ginshiƙin sana'ar. A ɗaya littafin kuwa, na tsarin asibitoci, wanda ya fito cikin 1859, ta bayyana irin ɗakin da take so: dogon zaure guda mai gado wajen talatin, an jera su layi biyu a jikin bango, tagogi hagu da dama, ɗakin sista kuma a bakin ƙofa da taga mai kallon ciki. Babban nufinta shi ne iska ta ratsa, amma ta kuma lura cewa a irin wannan ɗaki nas ɗaya na iya ganin kowa a lokaci guda. Sabon ginin St Thomas da aka buɗe cikin 1871 a kan wannan fasali aka yi shi, kuma har wajen shekara tamanin shi aka riƙa kwaikwayo.

A cikin irin wannan zaure zagaye ba ya bukatar wani shiri na musamman. Nas da ta tashi kai wa na ƙarshen layi magani dole ta wuce ta gaban kowa, wanda ke da bukata ya ɗaga hannu, in kuwa ba ya iyawa maƙwabcinsa ya yi magana a madadinsa. Sai dai kada mu manta da abin da tsarin ya dogara a kansa. Mafi yawan aikin ɗalibai ne ke yin sa, 'yan mata marasa aure da ke kwana a gidan ma'aikata cikin asibiti, suna aiki sa'o'i masu yawa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A bisansu akwai sista, a bisanta akwai shugabar ma'aikatan jinya ta asibiti, wadda ita ma takan zagaya kowane ɗaki, kuma ba a ja da maganarta.

Wannan tsari ne ya iso ƙasarmu ta hannun Turawan mulki. Kofoworola Abeni Pratt, alal misali, a wannan makaranta ta St Thomas ta fara karatu cikin 1946, ta kuma zama 'yar Nijeriya ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jinya a asibitin koyarwa na Ibadan cikin 1964. Dogayen ɗakunan da muke gani a tsofaffin asibitocinmu na gwamnati daga can aka ɗauko fasalinsu.

4. Yadda Zagaye Ya Yawaita, Sa'an Nan Ya Ɓace

Lokacin da aka kafa hukumar kiwon lafiya ta ƙasa, watau NHS, ran 5 ga Yuli 1948, ranar aikin nas ta riga ta zama jerin zagaye iri-iri: na auna zafin jiki, na magani, na fo, na shayi, da na duba baya, inda ake bin waɗanda suka daɗe a kwance a juya su a goge musu baya. Kowane zagaye da mai yin sa, gwargwadon matsayinta, ƙaramar ɗaliba ita ke da fo. Hukumar ta fara ne da ƙarancin ma'aikata, har aka shiga neman su daga Ailan da tsibiran Karebiyan da Afirka ta Yamma.

Ba a daɗe ba aka fara sukar wannan tsari. Binciken da gidauniyar Nuffield ta buga cikin 1953 ya nuna cewa ɗalibai ne ke yin mafi yawan hidimar jikin majiyyaci, ƙwararru kuwa ayyukan ofis da na magani sun ɗauke musu hankali. Wajen 1960 Isabel Menzies, bayan ta yi nazarin wani asibitin koyarwa a Landan, ta kawo ra'ayin cewa yanka aiki gunduwa-gunduwa wata garkuwa ce da ke kare nas daga shaƙuwa da wahalar majiyyaci: mutum goma su taɓa shi a yini, amma ba wadda ta san shi. Wannan suka tana da gaskiya. Amma a daidai wannan lokaci, cikin 1962, Doreen Norton da abokan aikinta suka nuna cewa juya tsofaffin majiyyata a kai a kai yana rage gyambon kwanciya ƙwarai da gaske. Ashe a cikin al'adar da ake suka akwai abin da ke tsare rai.

Gyare-gyaren da suka biyo baya sun taɓa dukan ginshiƙan nan uku. Ta fuskar gini, tun daga shekarun 1950 aka fara barin dogon zaure ana yanka shi ƙananan ɗakuna masu gado huɗu ko shida, don majiyyaci ya sami sirri. Ta fuskar iko, rahoton kwamitin Salmon na 1966 ya sake tsarin shugabanci, muƙamin tsohuwar shugabar ma'aikatan jinya ya shuɗe, manyan nas-nas suka koma ofis. Ta fuskar ma'aikata, shirin da aka fara aiwatarwa cikin 1989 ya mai da horon nas zuwa manyan makarantu, aka daina lissafa ɗalibai cikin ma'aikatan ɗaki, aka cike gurbinsu da mataimaka masu gajeren horo. An kuma sauya rabon aiki: maimakon kowace nas ta riƙe aiki ɗaya ga kowa, sai ta riƙe majiyyata kaɗan ta yi musu kome.

Kowane ɗaya daga cikin gyare-gyaren nan yana da hujjarsa, ba kuma muna cewa a koma gidan jiya ba ne. Abin lura shi ne an yi tuya an manta da albasa. Tsohon tsari, duk da aibinsa, yana tabbatar da cewa wani zai tsaya a kan kowane gado sau da yawa a yini. Da aka rushe shi ba a tanadi abin da zai ɗauki wannan nauyi ba, sai ƙararrawar kira da ke jikin gado. Ita kuwa ƙararrawa ba ta da amfani ga wanda ya ruɗe, ko ya suma, ko yake jin nauyin damun mutane. Ga shi kuma a waɗannan shekaru kwanakin da ake yi a asibiti sun ragu, waɗanda suka saura a gado su ne tsofaffi da masu ciwo mai tsanani.

5. Komowar Zagaye ta Hanyar Umarni

Daga Amurka zagaye ya komo da sabon suna. Cikin 2006 Christine Meade da abokan aikinta suka buga wani bincike a mujallar ma'aikatan jinya ta Amurka, inda aka sa nas ta leƙa kowane majiyyaci duk awa ɗaya ko biyu, ta tambaye shi abu huɗu: ciwo, da yanayin kwanciya, da bayan gida, da ko kayansa na kusa da hannunsa. Sun ba da rahoton cewa buga ƙararrawa ya ragu, faɗuwa daga gado ta ragu inda ake zagayen awa-awa, majiyyata kuma sun fi gamsuwa. Amma akwai abin da ba a cika ambatawa ba. Da ɗakuna 46 aka fara binciken, sakamakon 27 kaɗai aka yi amfani da shi, sauran an ajiye su don bayanan da suka tattara ba abin dogaro ba ne. Mako huɗu kacal aka nemi a yi zagayen, ana kuma sa ido, duk da haka abin bai kammalu a ko'ina ba.

A Ingila abin da ya ta da maganar shi ne abin da ya faru a asibitin Stafford tsakanin 2005 da 2009. Hukumar asibitin ta dukufa wajen rage kashe kuɗi, ta rage ma'aikata alhali da ma ba su isa ba. Rahoton hukumar sa ido na watan Maris 2009, da binciken da lauya Robert Francis ya shugabanta, sun bayyana yadda aka bar majiyyata cikin ƙazantarsu, abinci da ruwa na ajiye inda hannunsu ba ya kaiwa, suna buga ƙararrawa ba mai amsawa. A watan Janairu na 2012 Firayim Minista David Cameron ya yi kira da a riƙa zagaya majiyyata duk awa a asibitocin ƙasar. Rahoton Francis na ƙarshe, na watan Fabrairu 2013, ya zo da shawarwari 290, a cikinsu har da ta tsara zagaye a kai a kai. Nan da nan asibitoci suka buga fom, aka rataye a ƙafar kowane gado, nas ta sa alama ta sa hannu duk sa'ad da ta zo.

6. Abin da Bincike Ya Gano

Nan ne fa tsofaffin matsalolin Scutari suka sake bayyana cikin sabuwar riga. Ta farko ita ce ta yawan hannu, kuma lissafinta ba shi da wuya. In nas tana riƙe da majiyyaci 12, ta ba kowa minti biyar, awa ta cika ba ta raba magani ba, ba ta wanke ciwo ba, ba ta karɓi sabon majiyyaci ba. In ɗaya ya ce yana son fo, ko jikin wani ya rikice, zagayen wannan awa ya watse ke nan. Wani bincike da Jane Ball da abokan aikinta suka yi a kan nas kusan dubu uku a Ingila ya nuna kashi 86 cikin ɗari sun bar aƙalla aiki ɗaya da ya kamata su yi a aikinsu na ƙarshe saboda ƙarancin lokaci, kuma abin da aka fi bari shi ne zama a yi magana da majiyyaci a kwantar masa da hankali. Linda Aiken ta nuna a jihar Pennsylvania ta Amurka cikin 2002, ta sake nunawa a ƙasashen Turai tara cikin 2014, cewa duk majiyyaci ɗaya da aka ƙara wa nas yana tafe da ƙarin kimanin kashi 7 cikin ɗari na haɗarin mutuwa ga waɗanda aka yi wa tiyata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jihar Kalifoniya ta kafa dokar ƙayyade yawan majiyyatan da nas za ta riƙe tun 1999, yankin Wales ya yi dokar isassun ma'aikata cikin 2016, amma kiran da aka yi a 2012 na zagayen awa-awa bai zo da irin wannan doka ba.

Ta biyu ita ce ta gini. Cikin 2011 aka buɗe sabon asibiti a Pembury, kusa da Tunbridge Wells, wanda kowane majiyyaci ke da ɗakinsa shi kaɗai. Jill Maben da abokan aikinta suka bi sawun ma'aikatan kafin ƙaura da bayanta. Yawancin majiyyata sun fi son ɗakin kansu, amma ma'aikatan jinya sun koka cewa ba sa ganin majiyyata, ba sa ganin juna, tafiya kuma ta ƙaru. Abin da da ake gani da ɗaga kai yanzu sai an buɗe ƙofa talatin.

Ta uku sabuwa ce, ita ce ta takarda. Cikin 2019 Ruth Harris da ƙungiyarta ta kwalejin King's a Landan suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a faɗin Ingila. Kashi 97 cikin ɗari na hukumomin asibiti da suka amsa sun ce suna yin zagayen ta wata siga. Amma da masu binciken suka zauna a ɗakuna suka sa ido, sai suka ga ba a cika bin tsarin yadda aka shata shi ba, kuma ma'aikata da yawa sun ɗauke shi a bakin cike fom. Babban amfanin da ake gani a cikinsa shi ne ya zama shaida in an kawo ƙara. Watau fom ɗin da aka ƙirƙira don tsaron majiyyaci ya koma garkuwar ma'aikaci da hukuma. Haɗarin wannan ya fi na rashin zagaye, domin shugaban da ya ga takarda a cike ba zai san akwai ɓaraka ba.

7. Kammalawa

Mun ga cewa a Scutari zagaye ya gagara saboda ƙarancin ma'aikata da rashin iko da mugun gini. Ya gudana a dogon zauren Nightingale saboda an sami ukun nan, ko da yake a kan gumin ɗalibai ne. Ya ɓace da aka sauya su ba tare da tanadin madadi ba, da aka komo da shi ta hanyar umarni kuma sai aka fi samun takarda a kan zagayen kansa. Saboda haka in aka ga zagaye ba ya gudana a wani asibiti, kafin a zargi nas da lalaci ya kamata a tambayi majiyyaci nawa take riƙe da su, daga ina take iya ganin su, wa kuma ke da ikon cewa a yau ma'aikata ba su isa ba a saurare shi.

Wannan tarihi ya shafe mu ta hanya biyu. Ingila ta daɗe tana cike giɓinta da ma'aikatan jinya daga ƙasashen waje, cikinsu har da waɗanda makarantun Nijeriya suka horar, kuma duk wadda ta tafi an rage hannu ɗaya ke nan a ɗakunanmu. Sa'an nan a asibitocinmu da yawa dangin majiyyaci ne ke kwana gefen gado, su ke ba shi ruwa, su juya shi, su kira nas. Wannan wani tanadi ne da ba ya cikin tsarin da muka gada, kuma bai sami nazarin da ya cancanta ba. Muna ganin kafin mu ari fom ɗin zagayen awa-awa daga waje, ya kyautu masana tarihi da malaman aikin jinya su haɗa kai su rubuta tarihin wanda ke duba majiyyaci da dare a asibitocinmu, tun tsofaffin ma'aikatan da suka san yadda aka yi suna da rai.